Gurbin da Ba Asu Ne Ya Ci Ba

Wannan babin na 'yata Saude ne. Sauranku ma ku karanta, amma nata ne. Ɗana Auwalu ke rubutawa a ɗakinsa na Al Nahda a nan Dubai, ni ina faɗa, don ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce masa kada ya yi wa maganata ado. In ya ga ta yi gajarta, haka mai ita yake.

Saude, ranar da aka ɗaura miki aure ba na Kano. Ina nan Dubai, tikitina a aljihu. Kin kira ni kina kuka, na ce miki aiki ya riƙe ni, na kashe waya. Shekara goma sha shida ke nan ban ƙara ko kalma a kai ba. Kin ɗauka na zaɓi shagon wani mutumin Iran a kanki. Ba ki yi kuskure gaba ɗaya ba. Amma ga yadda abin ya kasance.

Ni marini ne, ɗan marini. A karofi na buɗe ido, kuma a hannunmu sana'ar ta fara mutuwa. Na zo Dubai ina dab da hamsin, na shiga dako a Al Ras. Buhun citta, buhun kanumfari, kwalin atamfa, duk abin da aka ɗora mini. Shekara biyu ina haka. Wata safiya na wuce ƙofar wani shagon darduma da kaya a wuya, na ga wani tsoho yana kara jan ulu a jikin tsohuwar darduma, yana neman launin da zai dace. Na tsaya. Da guntun Larabcina na kasuwa na ce masa wannan jan ba zai zauna ba, rinin kanti ne, wanki ɗaya zai zuba ya ɓata na kusa da shi. Ya ɗago ya dube ni. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba. Shuɗin baba bai gama fita daga faratana ba har lokacin. Ya ce in sauke kayan in dawo. Sunansa Hajji Gulam, mutumin Kerman ta ƙasar Iran, ya fi shekara arba'in a Dubai. Shi ya koya mini ƙullin darduma, ni na riƙe masa rini. Tun satin farko ya fara kirana Usta, wato gwanin sana'a. Babu wanda ya taɓa kirana da irin wannan suna a garin nan. A bakin kowa ni "ya Afriki" ne.

A bayan shagon akwai dardumai masu hoton mutane. Ba a taka su, a bango ake ratayawa. Ranar da na fara ganinsu na ce masa wannan a wurinmu haramun ne a shimfiɗa, haramun ne a rataya.

Ya ce, "Usta, marini na ɗauka ko alƙali?"

Na ce, "Marini."

"To zo ka koyi karatu, tunda ka ce ba ka yi makaranta ba. Kada ka kalli fuska tukuna. Kalli girman kai."

Ya nuna mini wata tsohuwa. Sarki a tsakiya, kansa kamar ƙwarya, zaki a ƙarƙashin ƙafarsa, bayi a gefe kawunansu ba su wuce goro ba. Ya ce haka masaƙa suka saba tun kaka da kakanni. Sai wani zamani ya zo, fiye da shekara ɗari baya, da 'yan kasuwa da malamai da masu sana'a suka rufe shaguna suka zauna, suka ce sai an yi majalisa, sai an rubuta dokar da za ta hau kan sarki kamar yadda take hawa kan mai sayar da gawayi. Ya buɗe wata dardumar. Mutane a jere, mai rawani, mai hula, mai gemu, marar gemu, kai duk girma ɗaya, wani riƙe da takarda. Sarkin ma yana nan, amma sai ka neme shi. Ya nuna mini na bayan wannan, shugaba da hular soja, kan ya sake girma. Ya ce masaƙi ba ya wa'azi, ba ya rubuta jarida, amma yana da shekara biyu a gaban masaƙa yana yanke shawarar wa zai fi wa girma. Kuma duk lokacin da mulki ya juya, sai a naɗe wasu dardumai a ɓoye, a fito da wasu.

"A ƙasarmu," in ji shi, "in kana son sanin wa ke mulki, dubi bangon mutum. In kana son sanin mutumin, roƙe shi ya nuna maka abin da ke ƙarƙashin gado."

Wannan ita ce makarantar da na yi. Shekara huɗu ina cikinta.

A shekarar aurenki Hajji ya kwanta. Ciwon ƙirji. Ranar da ɗansa zai kai shi asibiti ya miƙa mini mabuɗai ya ce asu ya shiga sito na sama, duk abin da ya ci in gyara kafin ya dawo. Ya yi sati biyar a can. Na bi dardumai ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga wata a can ƙurya, naɗe cikin farin ƙyalle, da busasshen ganyen taba a tsakaninta don ƙwari. Ban taɓa ganinta ba. Da na shimfiɗa sai na ga irin ta 'yan majalisar nan ce, mutum goma sha ɗaya a zaune. Asu ya taɓa bakinta ta ƙasa, kaɗan. Na huɗu daga dama yana da hula, yana da kafaɗu, hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan riƙe da ƙarfen da masaƙa ke buga ƙulli da shi. Amma ba shi da fuska. Daga ƙasan hula zuwa wuyan riga babu ulu ko ɗaya, sai zaren tsaye tsirara, faɗin tafin hannu.

Zan faɗi gaskiya a nan don babu amfanin ɓoyewa. Asu ba ya cin abu a zagaye kamar an kifa kofi. Asu ba ya barin zaren tsaye tas. Na ga wannan. Na sani. Na ƙi tsayawa in yi tunani, don ina so tsohon ya dawo ya ga abin da hannuna ya iya. Na saƙa ganye, na saƙa fure, na taɓa mayar da ƙafar barewa, amma ban taɓa saƙa mutum ba. Na ce wannan ita ce kyautar da zan yi masa. Son a yaba mini ne, na sa masa rigar kyauta.

A lokacin muna zaune mu shida a ɗaki ɗaya a Abu Hail. Gadon sama nawa, na ƙasa na Isuhu, Bazazzagi mai aikin kago, wato tura kaya ta jirgi. Ranar wata Juma'a muna cin shinkafa bayan masallaci ya ga garin rini a hannuna, launin da ba ja ba, ba ƙasa-ƙasa ba.

"Kai Bakano, wannan wane launi ne kuma?"

"Na fata."

"Fatar wa? Wai mutum ka koma saƙawa?"

"Fuska ce kawai."

"Fuska kawai! To ranar lahira in aka ce ka busa mata rai, me za ka busa? Kai da hawa bene ɗaya ke sa ka haki?"

"Ci abincinka."

"Ai na cinye. Naka nake jira tsoron Allah ya hana ka ci."

Maganarsa ta ɗan zauna mini, amma ban fasa ba. Na dafa ɓawon rumman da ganyen shayi da ɗigon baba har na sami kala bakwai na fata, na shanya ulun a rana ya sha wuya don ya yi kama da tsoho. Launi ba ya faɗin gaskiya a ƙarƙashin lantarki, saboda haka sai da safe nake aiki, a kan rufin shagon, daga fitowar rana zuwa hantsi. Ba ni da hoton da zan kalla. Na dubi sauran goman, na bar hannuna ya yi abin da ya ga dama. A bakin gurbin akwai tsofaffin ƙulle-ƙulle da suka saki, na cire su na sa nawa don aikin ya haɗe. Sati uku. Da na gama na aske ulun ya yi daidai da na kewaye, na ja da baya na duba. Ni kaina sai da na nemi inda aikina ya fara. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, kuma ban ƙara ba.

Hajji ya dawo saura kwana tara aurenki. Na riga na karɓi hutu, na sayi akwati, uwarku, Allah ya jiƙanta, ta aiko da jerin abin da zan taho da shi. Shekara shida rabona da gida. Tsohon ya shigo da sanda, ya rame har kwat ɗinsa na yawo a jikinsa. Ya zauna ya sha shayi, sannan ya ce likitoci sun gama nasu. Nan da kwana goma sha shida zai koma Kerman wurin ƙanwarsa, can yake so ƙasa ta rufe shi. Shago na ɗansa ne. Abu ɗaya kawai zai tafi da shi.

"Usta, hau sama. Akwai wata cikin farin ƙyalle."

Na sauko da ita ina jin daɗi kamar yaro. Na shimfiɗa a gabansa. Ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar. Bai ma duba ba. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye wurin na huɗu daga dama, kamar yadda hannu ke zuwa aljihu. Yatsan ya sauka a kan ulu. Ya tsaya. Ya shafa hagu, ya shafa dama.

Ya ce, "Ina ramin?"

Na ce, "Na gyara, Hajji."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da tarin dardumai, ya ba ni labarin a hankali, yana hutawa don numfashi. Na huɗun nan kakansa ne, shugaban masaƙan unguwarsu, wanda suka zaɓa ya yi magana da bakinsu a zamanin neman majalisa. Matarsa, kakar Hajji, ita ta saƙa dardumar da hannunta. Ba a daɗe ba sarki ya juya, aka harba igwa a kan majalisar, aka shiga farautar duk wanda ya yi baki. Ana bi gida-gida. Darduma irin wannan shaida ce da ba ta buƙatar alƙali. Ba ta iya ƙona aikin shekara biyu ba, sai ta zauna da allura ta tsince fuskar mijinta ƙulli-ƙulli, ta ce wa masu bincike ɓera ne. Duk da haka an kama shi a hanya. Bai dawo ba. Ta yi shekara hamsin bayan haka, masaƙiya ce, da ta so da ta mayar da fuskar cikin wata guda. Ta ce sai ya dawo ya zauna a gabanta ta kalle shi, don ba za ta saƙa shi da ka ba.

"Ba mu da hotonsa," in ji Hajji. "Wannan ramin shi ne hotonsa."

Sai ya ce in ba shi tabaransa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon fuskar.

"Usta, wannan ba mutumin Kerman ba ne. Dubi hancin. Dubi leɓen. Wannan layin da ya gangaro a kumatu fa, mene ne?"

Na ce inuwa ce. Na sunkuya ni ma. Ba inuwa ba ce. Bille ne, a kumatun hagu, ya karkace kaɗan. Sati uku ina kallon fuskar nan ban gane ta ba sai da baƙo ya nuna mini.

Ku 'ya'yana ban taɓa ba ku labarin kakanku ba, sai dai sunansa. Ga shi, gajere ne. Marini ne, kuma yana cikin mutanen da suka shiga siyasar talakawa a zamanin da faɗin haka ke sa a ɗaure mutum. Abin da yake cewa bai wuce a daina ɗaukar mutane aikin tilas ba, a kuma bar talaka ya tsaya a tsaye in yana magana. Wata rana aka zo karofi aka tafi da shi, hannunsa da shuɗi bai wanke ba. Kafin su iso gida uwata ta ciro katinsa na jam'iyya, mai ɗauke da hoto ɗaya tilo da ya taɓa ɗauka, ta tura cikin murhu. Ina tsaye, shekarata bakwai. An sako shi bayan wata takwas, ba ya iya miƙewa sosai, bai ga damina biyu ba ya rasu. Na ɗauka na manta kamanninsa. Ashe hannuna bai manta ba.

Na faɗa wa Hajji wannan da Larabcin da bai kai ba, ina cikawa da hannu. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa. Ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge.

"To ka bar shi," in ji shi. "Abu ɗaya suka nema su biyun. Bari mahaifinka ya zauna a majalisa, ai bai samu zama a tasu ba. Khalas, magana ta ƙare. Yalla, je ka aurar da 'yarka."

Ki ji wannan da kyau, Saude. Tsohon bai riƙe ni ba. Ya sallame ni da bakinsa. Duk wanda ya ce miki Ba'iraniye ne ya hana ubanki zuwa, bai san zancen ba.

Amma yana maganar nan yatsansa bai bar wurin ba. Yana ta shafawa, yana neman gefen da zai faɗa ciki, shi bai ma san yana yi ba. Washegari na tambaye shi ƙanwar tasa. Ya ce ta girmi ganinta, shekara goma ke nan ba ta bambance dare da rana. Ya ce suna yara kakarsu kan kama yatsansu ta sa a ramin ta ce su gai da kakansu. Da zai taho Dubai ya ɗauko dardumar don a lokacin ma ba a san wace iska za ta kaɗa ba, ya yi mata alkawarin zai mayar. Duk wayar da suka yi sai ta tambaya. Na ce to in ta sa hannu ta ji ulu fa? Ya ce zai yi mata bayani. Na dube shi. Mutumin da ba ya iya gama magana ɗaya ba tare da ya huta ba, shi zai zauna yana yi wa makauniya bayanin wani marini na Kano.

Na tambayi kaina ko wani zai iya warware fuskar ya mayar da ramin. Akwai masu gyara a Deira, ƙwararru. Amma na rina ulun nan yadda babu mai rarrabe shi da na asali, na kuma cusa nawa cikin tsohon. Wani zai yanka har hula da gemun maƙwabci. Zaren tsayen kuma ya haura shekara ɗari, ka ja da ƙarfi ya tsinke. Babu wanda ya san inda hannuna ya bi sai ni, ni ma sai a hasken safiya, awa uku a yini. Na lissafa kwanakin. In na fara a ranar, zan gama ana gobe zai tashi. In na je Kano ko na kwana uku ne, ba zan gama ba.

Isuhu ya yi ta fama da ni.

"Kai, habibi, kana da hankali kuwa? Mai abu ya ce ya yafe!"

"Shi ya yafe. Ƙanwar ba ta yafe ba."

"Matar da ba ta gani?"

"Shi ya sa."

"Garba, 'yarka ce ta fari. Ka bar ɗaurin aurenta don rami? Mutane na barin gari don su cike rami, kai za ka zauna ka haƙa?"

"Ni na cike shi."

Ya yi tsaki ya ce duk Kano babu mai taurin kai kamar marina, shuɗin ne ke hau musu ƙwaƙwalwa. Amma shi ya ɗauki akwatin ya sa a kagon da zai tashi washegari, ya kira wani ɗan'uwansa ya kai har gida.

Na kira uwarku. Na ce mata ba zan samu zuwa ba.

"Malam, me zan ce wa yarinyar nan? Kullum sai ta share ɗakinka."

"Ki ce aiki."

"Aiki kawai?"

"Kawunta Sale ne waliyyi dama. Ba abin da zai tsaya."

"Na san ba abin da zai tsaya. Ba shi na tambaye ka ba."

Me ya hana ni faɗa? Kunya. Sai na ce na ɓata kayan amana da hannuna. Sai na ce hoton mutum na saƙa, a je ana yawo da shi a unguwa cewa Garba ya bar auren 'yarsa don gunki. Sai kuma na buɗe zancen ubana, wanda na rufe shekara arba'in da wani abu. Kalma ɗaya ta fi sauƙi, sai na ɗauki mai sauƙin na bar miki mai nauyin.

Na hau rufi da allura da hantsaki. Saƙa ƙulli abu ne mai sauƙi, cire shi daga ruɓaɓɓen zare ba tare da ka ji masa ciwo ba sai da lallaɓawa. Na fara daga gefe ina shiga ciki. Kunne ya tafi, haɓa ta tafi. A rana ta uku Hajji ya zo shago ya ji motsi a sama. Ya sa aka taimaka masa ya hau matakala. Ya tsaya yana haki yana kallona.

"Jirginka ba jiya ba ne?"

"Jiya ne."

"Usta, kai jaki ne."

"Na sani, Hajji."

Ya sa aka kawo masa kujera. Daga ranar kullum yana nan gefena da bargo a gwiwa, ko da zafi. Ba ma magana sosai. In na fara gaggawa sai ya ce, "Shwaiya, shwaiya," wato a hankali, ya miƙo mini shayi. Wani lokaci ya tambaye ni kalar rigar da ubana ke sawa, ko yana da dariya. Na ce yana da ita, irin mai sa kafaɗa rawa ba sauti. Ya ce shi kuwa kakansa an ce masifaffe ne, ko a majalisar ma da kowa yake faɗa.

Ranar Asabar ɗin da safe kika kira. Ina riƙe da hantsaki, na kai kan billen. Kika ce, "Baba, ko yanzu ka ce mini kana hanya, zan yarda." Na faɗi abin da na faɗa na kashe, don in na ƙara daƙiƙa ɗaya zan ajiye aikin, kuma jirgi ya riga ya tafi, ajiyewar ba za ta kai ni Kano ba. Ƙarfe biyu na rana a nan, lokacin da ake taruwa a ƙofar gidanmu a can, sai ga Isuhu ya shigo shago da mutum huɗu 'yan gida, da ledar goro da dabino da alawa. Ban sa shi ba. Ya ce ba za a ce Bazazzagi na gari aka yi auren 'yar Bakano a bushe ba. Hajji ya sa aka rufe ƙofa, ya ɗaura kwat ɗinsa har wuya, ya zauna cikinmu a kan dardumar da ta fi kowace tsada a shagon. Isuhu ya kira Sale a waya ya buɗe murya, muka ji ana shafa fatiha a Kano, muka shafa. Tsohon ya tambayi sunanki, ya maimaita sau biyu don ya zauna masa, ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a da Farisanci mai tsawo. Ban ji ko kalma ba sai sunanki. Ya ɗauki goro ya gutsura don kara, fuskarsa ta yamutse, Isuhu ya yi dariya har da hawaye. Ni na fita waje na tsaya bakin ruwa ina kallon kwale-kwale har suka watse.

Idanu na bari ƙarshe. Kwana biyu na yi a kansu, aikin da bai wuce na safiya ɗaya ba. A rana ta ƙarshe zaren tsaye guda ya tsinke a hannuna, na ɗaure shi ta baya. Kuma tsofaffin ƙullin da na cire tun farko ba su da mayarwa. Gurbin ya fi yadda na same shi faɗi da kamar yatsa ɗaya. Na faɗa wa Hajji haka, ban rage ba. Ya sauko daga kujera, ya rufe ido, ya kai babban yatsansa. Yatsan ya faɗa ciki. Ya zagaya gefen a hankali har ya dawo inda ya fara.

Ya ce, "Kakana ya ɗan yi ƙiba a Dubai. Kowa ma yana yi."

Sannan ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina. Washegari ɗansa ya kai shi filin jirgi da farin ƙunshin a kan cinyarsa. Bai cika wata biyu ba ya rasu. Ko ƙanwar ta ji bambanci a yatsanta, ban sani ba. Ɗan ya ce mini dai dardumar tana rataye a ɗakinta, ƙasa-ƙasa, inda hannun mai zama zai kai.

Na iso Kano sati uku bayan biki. Na je gidanki. Kika durƙusa kika ce, "Sannu da zuwa, Baba," kika kawo ruwa, kika tambayi hanya. Ba ki yi mini rashin kunya ba, ranar ko bayanta. Amma ba ki dube ni ba, kuma tun daga nan gaisuwarki gaisuwar surukai ce. Da zan tafi na ciro wani ƙaramin gwangwanin shayi daga aljihu na ajiye a gabanki na ce, "Ajiye wannan." Kika buɗe kika ga guntayen ulu, gajeru kamar askin gemu, kala-kalar ƙasa. Kika rufe kika ce kin gode. Na ga abin da ya wuce a fuskarki. Uban da bai zo aure ba ya kawo shara.

Ban zubar da ƙulli ko ɗaya ba a kan rufin nan. Duk wanda na cire a gwangwanin na sa. Kakanki ne a ciki, Saude, iyakar abin da ya rage na kamanninsa a duniya, kuma ke na ga ya dace in ba. Ya kamata in faɗa miki a ranar, bakina ya ƙi.

In yana nan, ki buɗe shi da safe a bakin taga, kalolin sun fi fitowa. In kuma kin zubar tuntuni, ba ki yi laifi ba. Ki dai kira ni, in faɗa miki yadda hancinsa yake tun ina iya tunawa.